An aiko da takardar kai ’yata gona daga makaranta, in sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Bana muka zo Amurka, muna zaune a wajen Filadelfiya. ’Yata shekararta biyar, tana ajin kindagatin. Jiya ta dawo da takarda wai za a kai su gona a tsakiyar Oktoba, a biya kuɗi kaɗan, a sa hannu. Abbanta ya ce mu da muka baro gona a gida, yanzu sai mun biya kuɗi a nuna wa ’yarmu kabewa? Ni kuma tsorona aladu da bikin nan na Halowin, kuma ban taɓa barinta ta yi nisa ba tare da ni ba. In bar ta ta je?

Amsa: Wa alaikumus salam ’yar’uwa. Barka da zuwa, ya baƙunta, ya sanyin da ya fara leƙowa? Ki sa hannu, ki bar ta ta je, in kuma da hali ki bi su. Na daɗe ina koyar da wannan aji a jihar nan ta Fensilbaniya, kuma duk kaka sai na kwashi yara ashirin da wani abu mun tafi gona. Abin da na lura da shi a wurin iyayenmu shi ne, abin da ke hana su barci ba shi da wani nauyi, abin da ya kamata a sa wa ido kuma ko a jikinsu. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari in fara da maganar Abbanta, don ta ba ni dariya, ni ma irinta na yi a shekarata ta farko.

Gaskiyarsa ta wani ɓangare. Mu da muka tashi ana aiken mu kai abinci gona, muna tsintar gyaɗa bayan an yi cira, abin da ban mamaki a ce gona ta zama wurin kallo har da kuɗin shiga. To amma shi ne ya baro gona, ita ba ta baro ba. Shekararta biyar. Nan da shekara biyu abin da za ta tuna na gida ba zai wuce ƙamshin ɗakin kakarta ba. A ƙasar nan masu aikin gona ba su kai kashi 2 cikin 100 na ma’aikata ba, don haka yawancin ’yan ajinta ba su taɓa ganin saniya ido da ido ba. Na taɓa tambayar aji daga ina madara take fitowa, wani yaro ya ɗaga hannu da ƙarfin gwiwa ya faɗi sunan kantin da mamarsa ke sayayya. Kuma bai yi ƙarya ba, iya saninsa ke nan. Saboda irin wannan ne makarantu ke tsara fitar a lokacin kaka, sa’ad da masara ta bushe a tsaye, tuffa ta nuna, kabewa ta cika gona, ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa. Darasin makonni ne ake rufewa da ita: yadda iri ke tsirowa, abin da dabba ke ci, yadda yanayi ke juyawa. Gani ya kori ji.

Ga yadda ranar take tafiya a yawancin lokuta. Da misalin tara da kwata ake shiga motar makaranta, doguwar nan mai ruwan ɗorawa. Malama ta ƙirga kawuna a aji, ta ƙirga a bakin mota, ta ƙirga bayan an zauna. Ni kam har a mafarki nakan ƙirga. Ana raba yara rukuni-rukuni, huɗu ko biyar ga kowane babba, sau da yawa a sa musu riga kala ɗaya, a rataya musu kati mai sunan makaranta da lambar waya. Ba ma rubuta sunan yaro a fili, don kada baƙo ya kira shi da suna ya ɗauka ya san shi. A gonar wani daga cikin masu gidan zai tarbe su, ya zagaya da su garken dabbobi, sannan a hau tirelar da tarakta ke ja, an jera damman ciyawa a ciki a matsayin kujeru, a tafi fagen kabewa kowa ya zaɓi tasa. Wasu gonakin suna da filin masara da aka yanka hanyoyi masu ruɗarwa a cikinsa, a shiga ta nan a nemi mafita. Wannan wasan ma a jiharmu aka fara shi a siffarsa ta yanzu, a garin Annville a 1993. Na ƙananan yara gajere ne, minti goma an fito. Sai a wanke hannu, a ci abinci, a hau mota. Kafin ƙarfe biyu an dawo, rabin motar na barci, kowa rungume da kabewarsa.

Maganar alade. Ba kowace gona ke da su ba, inda kuma suke, a killace suke a bayan shinge, babu mai tilasta wa yaro taɓawa. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta, jikin dabba mai rai ba najasa ba ne, har da kare da alade. Ci ne aka haramta. Shafi’awa sun fi tsanantawa a kan taɓawa, don haka in gidanku a nan kuke, ki faɗa mata ta kalla daga nesa, shi ke nan. Ko ta fuskar lafiya ma hukumomi kan shawarci ƙananan yara su nisanci garken aladu a wuraren baje kolin dabbobi saboda mura, to kin ga ba za ki zama bare ba in kin ce kada ta matsa. Ni ma dai na fi son yaro ya ga aladen da idonsa, ya san kamanninsa, ya san wannan ne ba ma ci. Wanda bai san abu ba ta yaya zai guje masa?

Inda aladen yake ɓuya shi ne a cikin abinci. Tsiran nan da ake sawa cikin burodi sau da yawa da naman alade ake yi. Farar alewar nan mai laushi kamar auduga da ake gasawa a wuta, da alewa mai danƙo mai siffar dabbobi, yawancinsu da jelatin ake haɗa su, wato sinadarin da ke sa su danƙo, shi kuma galibi daga alade yake. Wasu gonakin gargajiya, musamman wajen Lankasta a jihar nan, da kitsen alade suke suya ko yin gashin fulawa. Maganin duk wannan layi ɗaya ne a jikin takardar: ki rubuta cewa ba ta cin naman alade da jelatin, abincin da aka haɗo mata daga gida kawai za ta ci. Mun saba da irin wannan, akwai yaran Yahudawa da na Indiyawa da masu larurar abinci, kowa da nasa.

Akwai kalma ɗaya da ke tayar wa iyayenmu hankali, musamman waɗanda suka zauna Ingila: cider. A Ingila giya ce. A Amurka in an ce haka kawai, ruwan tuffa ne da aka matse ba a tace ba, babu maye a ciki. Mai sa maye sai an ƙara kalmar hard a gabanta. Abin tambaya game da wanda za a ba yara daban ne: an dafa shi da zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta ko ɗanye ne? A 1996 ɗanyen ruwan tuffa na kwalba ya sa wa mutane da dama cuta a yammacin ƙasar nan, wata jaririya ta rasu, daga baya hukumar abinci da magunguna ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalbar da ba a dafa ba. Amma wanda ake zubawa a kofi a bakin gona dokar gargaɗin ba ta hau kansa ba, don haka sai an tambaya. Haka madara. A Fensilbaniya an halatta sayar da ɗanyar madara ga mai lasisi, za ki iya ganinta a shagon gonar. Kada ki ba ta. A gida ma ai ’yan Fulani sai sun dafa madara kafin su kwantar da kindirmo. Tun watan Maris na 2024 kuma aka fara samun murar tsuntsaye a jikin shanun madara a wasu jihohi, wanda ya ƙara wa maganar nauyi.

Halowin kuwa, bikin da yara ke shigar ban tsoro suna bin gidaje neman alewa, ranar 31 ga Oktoba ne, kuma harkarsa daban da ta gona, sai dai lokaci da kabewa sun haɗa su. Za ki ga mutum-mutumi an cusa masa ciyawa, irin wanda muke kafawa a gonar gero don korar tsuntsaye, wataƙila da kabewa da aka fafe aka yi mata ido da baki. Wasannin ban tsoro da wasu gonaki ke yi da dare suke yin su a ƙarshen mako, ba da safiyar ranar makaranta ba. In ajinsu zai yi shigar Halowin, wata sanarwa daban za ta zo, kuma kina da damar cewa ’yarki ba za ta shiga ba, za a ba ta wani aikin. Kabewar da za ta kawo gida kuwa kabewa ce kawai, Allah ne ya fitar da ita daga ƙasa. Abin da za a yi da ita ke za ki yanke.

To yanzu ga wurin da nake so ki tsaya ki karanta sau biyu: hannunta.

Shanu, musamman maruƙa, da awaki da tumaki suna iya ɗauke da wata ƙwayar cuta a cikinsu da ake kira E. coli O157:H7. Ita dabbar lafiyarta ƙalau, tana ci tana tuƙa, babu alamar komai. Ƙwayar tana fita ta kashi, ta maƙale a gashin jikin dabbar, a ƙarfen shinge, a ciyawar shimfiɗa, a ƙasan takalmi. Kaɗan daga cikinta ya isa ya kwantar da yaro. Yaro ya shafa bayan maraƙi, ya sa yatsa a baki, an gama. A kakar shekarar 2000, a wata gonar shanun madara da ke gundumar Montgomery, nan kusa da ku, mutum 51 suka kamu bayan ziyara, galibinsu ƙananan yara, 8 daga ciki cutar ta taɓa musu ƙoda. Masu bincike sun gano cewa taɓa maruƙa da wurin zamansu ne ya fi jawo kamuwa, wanke hannu kuma ya kare waɗanda suka yi. Bayan wannan ne, a 2002, jihar ta yi dokar da ta wajabta wa wuraren nuna dabbobi tanadar wurin tsaftace hannu. A 2004 mutum 108 suka kamu a baje kolin jihar Karolina ta Arewa. A 2009 a wata gona a Surrey ta Ingila mutum 93, yawancinsu yara ’yan ƙasa da shekara goma.

Na san abin da Abbanta zai ce: mu da awaki muka kwana muka tashi, me ya same mu? Ni ma a gidanmu akuya har cikin madafi take shigowa. Amma yara nawa ne suka yi gudawa da jini a unguwa aka ce haƙori ne ko shawara, ba wanda ya kai kashinsu gwaji? Ban faɗi wannan don in hana ta shafa ɗan akuya ba. Ina so ta shafa, wannan ne ma daɗin ranar. Miliyoyin yara ke zuwa gona duk shekara su dawo lafiya. Sharaɗin kawai shi ne tsakanin dabba da baki a sa ruwa da sabulu.

Kuma ruwa da sabulu nake nufi, a cuɗa na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Sanitaiza da muka saba da shi tun zamanin korona ɗan tsayawa ne kafin a kai ga famfo. Ba ya aiki sosai a hannun da ke da datti, kuma akwai wata ƙwayar gudawa da maruƙa ke ɗauke da ita, Cryptosporidium, wadda ba ya kashewa. Ki fara koya mata tun yau a gida: in mun taɓa dabba, hannu ba ya zuwa fuska sai an wanke. Ki yanke mata farce daren tafiya. In tana tsotsar yatsa ko cin farce, ki faɗa wa malamarta a ɓoye don a sa ta a rukunin da za a fi lura. Ba a shiga wurin dabbobi da abinci ko gorar ruwa, ba a sumbatar dabba, ba a zama a ƙasan garke. ’Yan tsaki da ’ya’yan agwagwa, duk kyansu, suna ɗauke da Salmonella, shi ya sa ake hana ’yan ƙasa da shekara biyar riƙe su. ’Yarki tana bakin iyaka, in ta riƙe sai wanki nan take. In kina da ƙarami na goye, wannan ba ranar zuwa da shi ba ce. In kuma kina da juna biyu, ki tsaya nesa da tumaki da awakin da suka haihu kwanan nan, akwai cututtukan da ke tattare da haihuwarsu masu illa ga ciki.

In an dawo, takalmi ya tsaya a bakin ƙofa, kaya su tafi wanki. Sai ki sa ido na kwana goma. Cutar kan bayyana bayan kwana 3 ko 4 da ciwon ciki mai murɗawa da gudawa, sau da yawa da jini. In kin ga haka ki kira likitanta a ranar, kuma ki furta masa cewa ta je gona ranar kaza, ta taɓa dabbobi, don wannan jimlar ce ke sa a yi gwajin da ya dace. Kada ki ba ta maganin tsayar da gudawa, kada kuma ki buɗe jakar magungunan da kika taho da su daga gida ki ba ta filajil ko wani antibayotik. Na san halinmu, kowa da ’yar ledarsa. A wannan cutar irin waɗannan magunguna na iya ƙara haɗarin taɓa ƙoda. Ruwa da ORS ne aikinki kafin ki ga likita. Matsalar ƙodar kuma takan zo ne kamar mako guda bayan fara ciwon, daidai lokacin da gudawar ta fara sauƙi har uwa ta saki jiki. Alamunta: fitsari ya ragu, yaro ya yi laushi, cikin fatar ido da tafin hannu su yi fari. Wannan na asibitin gaggawa ne, ba a jira gari ya waye.

Abu na biyu shi ne kaska. Mun san ta a kunnen kare da hantsar saniya, amma ta nan ƙarama ce ƙwarai, babbarta kamar ƙwayar riɗi, kuma tana ɗauke da cutar Lyme, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a jihar Konetikat inda aka fara lura da ita a 1975. Fensilbaniya na cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa, manyan kaskar kuma a Oktoba da Nuwamba suke yawo. Ki sa mata dogon wando mai haske, ki cusa ƙafarsa cikin safa. Da an dawo ki yi mata wanka cikin awa biyu, ki duba bayan kunne, hammata, cibiya, bayan gwiwa, matse-matsi, da tsakanin layukan kitso, nan ne iyayenmu ke mantawa. Kayan, in a bushe suke, ki jefa su injin busarwa da zafi na minti 10, yana kashe ta. In kin samu ta maƙale, ki kama ta da hantsaki daf da fata ki ja sama a hankali. Ban da ashana, ban da kananzir, ban da man shafawa. Galibi sai ta wuce awa 24 a maƙale kafin ta sa cutar, don haka dubawar daren farko ita ce komai. Hotunan tabon cutar da za ki gani a intanet na jan zobe ne a farar fata. A fatarmu tabon kan yi duhu kamar ƙurjewa ko wurin da aka buge, yana faɗaɗa a hankali tsakanin kwana 3 zuwa 30. In kin ga irinsa, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ki ambaci kaska ga likita.

Sauran ƙanana ne. A kaka rina kan yi yawa wajen teburin abinci, suna bin zaƙi, don haka ruwa a gora mai murfi ya fi lemon kwali. In tana da asma, ƙurar ciyawa na iya tayar da ita. Abin shaƙarta sai ya bi ta hannun nas ɗin makaranta da takardar likita, ba a jakar yaro ake sakawa ba. A kan tirela doka ɗaya ce: a zauna, hannu a ciki, ba a tashi sai tarakta ta tsaya cik.

Sutura. Safiyar Oktoba a nan kan yi sanyin da ya fi na tsakiyar hunturun Kano, da rana kuma a ji ɗumi. Wayarki za ta nuna miki awon Fahrenheit. Ki cire 30 ki raba biyu, za ki samu kusan awon da kika saba. In kin ga 45, to wajen 7 ke nan. Ki sa mata kaya hawa-hawa, shimi, riga mai dogon hannu, sai rigar sanyi da za ta iya cirewa ta ɗaura a ƙugu. Takalmi rufaffe wanda ba za ki ji ciwon ganinsa cikin taɓo ba. Wata shekara an kawo mini yarinya da leshin sallah da takalmi mai ƙyalli, wai tunda fita ce. Uwar ta yi niyyar alheri, amma yarinyar a tsaye ta wuni tana tattare siket, ba ta ko tsuguna ta taɓa kabewa ba. In tana sa ɗan hijabi, gajere mara fil ya fi, kuma ki sani akuya na son tauna bakin mayafi.

Abincin rana a jakar takarda ko leda ake so, wadda za a jefar, a rubuta sunanta. Babu wurin ɗumamawa. A nan sai na ja kunnenki game da gyaɗa, don mu kusan komai namu da ita a ciki: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kilishi, kunun gyaɗa, har wani dambun. A ajin akwai yiwuwar samun yaron da in gyaɗa ta shiga bakinsa maƙogwaronsa ke kumbura ya kasa numfashi cikin mintuna. Riɗi ma tun farkon 2023 aka sa shi cikin jerin manyan abincin da doka ta ce a bayyana a jikin kwali, to kantu ma a bar shi a gida. Burodi da ƙwai, ko ɗan fanke, da ayaba sun wadatar. In tana cin abincin makaranta, ki duba takardar, yawanci akwai gurbin neman a haɗa mata na tafiya daga ɗakin girkin makaranta.

Kuɗin kuma in ya yi nauyi a wannan watan, ki rubuta wa malamar layi biyu. A duk makarantun da na yi aiki ba a taɓa barin yaro a baya don kuɗin fita ba, ƙungiyar iyaye da malamai na da ɗan asusu na wannan, kuma ba a shelantawa. In Turancin takardar ya yi miki wuya, haƙƙinki ne a dokar ƙasar nan makarantar gwamnati ta yi miki bayani da harshen da kike ji, ko da ta tafinta ta waya ce.

Na ce in da hali ki bi su, kuma a nan ne lokaci ya ƙure miki. Makarantun jihar nan kan nemi mai rakiya ya kawo takardun tantancewa: ɗaya daga ’yan sandan jiha, ɗaya ta tarihin cin zarafin yara, su biyun kyauta ne ga ’yan sa-kai kuma ta intanet ake nema. Wanda bai cika shekara 10 a jere yana zaune a Fensilbaniya ba, kamar ke, sai ya ƙara da ta uku, ta hoton yatsu ta FBI, ita da kuɗi. Ta biyun na iya ɗaukar mako biyu kafin ta fito. In sun fito suna aiki shekara biyar, kin huta har ta shiga aji biyar. Ki leƙa ofishin makaranta gobe ki karɓi bayanin. In ba su fito a kan kari ba, ki bar ta ta tafi da malamarta. Kukan rabuwa a bakin mota, in ma an yi, ba ya kaiwa kwanar farko. Uwa ce ke wuni da shi.

Dalilin da ya sa nake matsa wa iyayenmu su zo ya wuce tsaro. Ke a wannan ƙasa baƙuwa ce a kusan komai, a banki, a asibiti, a taron iyaye. A gona kuwa ke ce gwana. Na ga wata uwa ’yar ƙasarmu, wadda Turancinta bai wuce gaisuwa ba, ta tsuguna ta kama ɗan akuya ta ƙirji yadda ake kamawa, ta buɗe bakin uwar ta nuna wa yara cewa ba ta da haƙoran gaba na sama. Yara biyar suka zagaye ta, ɗanta na tsaye a gefe yana fassarawa yana hura hanci. Daga ranar ya daina ɓoyewa in ta zo ɗaukarsa.

Kuma ki yi mata duk bayanin da Hausa. Turanci zai zo da kansa, har sai kin gaji da shi. Amma in ba ke ba wa zai gaya mata bambancin maraƙi da karsana da bijimi, ko tunkiya da rago, ko cewa abin da saniya ke yi da baki tana kwance sunansa tuƙa? Ki nuna mata baƙaƙe-da-farin shanun nan da ake kira Holstein, ki gaya mata guda ɗaya na ba da lita 30 ko fiye a rana, alhali farar saniyarmu ta Fulani lita biyu ko uku ake tatsa, amma ita tana iya takawa daga Katsina zuwa Binuwai a kan ciyawar hanya. Ki nuna mata dogon ginin nan mai kan tulu ki ce rumbunsu ke nan. Masarar da za ta gani a bushe ba ta gashi ba ce, yawancinta abincin dabbobi ce da man mota. Ƙwai kwana 21 yake yi a ƙarƙashin kaza, akuya wata biyar take ɗaukar ciki, saniya tara kamar mutum. Yara na son irin wannan lissafi. Da yamma ki kira mata kakanninta ta ba su labari. Na duƙe tsohon ciniki ne, tsohon da ya yi noma zai yi mata tambayoyin da ni ba zan iya ba. Ki gaya mata ma cewa lokacin sunansa kaka, tsohuwar ma kaka, abin da muke nema a kitsonta kuma kaska, ki ga dariya.

A fagen kabewa ki duba ko har yanzu tana jikin yaɗonta. Wasu gonakin saro ta suke yi daga wani wuri su baza a fili kamar an shuka, ni kuma wannan yana ba ni haushi, don rabin darasin a jikin yaɗon yake. In da shi, ki bi da ita daga ’ya’yan har zuwa saiwa, ki nuna mata busasshen fure, ki gaya mata tun wajen watan Yuni aka shuka, ta yi wata uku zuwa huɗu, kuma ba don ƙudan zuma da ke kai garin fure daga namijin fure zuwa macen ba da babu ko ɗaya. Asalin kabewa ma daga wannan nahiyar take, an fara nomanta a Meziko shekaru dubbai da suka wuce kafin ta iso tukunyarmu. Dokar da muke ba yara ita ce kowa ya ɗauki wadda zai iya kaiwa mota da kansa, kuma a rungume ta, ba a riƙe ta guntun karan ba, don in ya ɓalle da wuri take ruɓewa.

Wannan dokar ta yi miki daidai. Manyan nan da ake fafewa ruwa ne da zare, ba su da garɗi. Ƙanana masu nauyi a hannu, masu tauri in an ƙwanƙwasa, su ne na miya. Ki wanke bayanta da kyau kafin wuƙa ta shiga, tunda a ƙasan gona ta kwanta. Ki ba ta cokali ta kwashe ’ya’yan da kanta, ku wanke, ku barbaɗa gishiri ku gasa, ku ware guda goma ku shanya a takarda don shukar baɗi, ko a bokiti ne a bayan gida. Naman kuma ki yi taushe da shi. Alayyahu akwai a kowane kanti, yakuwa sai shagon ’yan Afirka ko na Indiyawa, su gongura suke ce mata. Gyaɗar miyar a gida ba laifi, sai dai ragowar kada ta bi ta makaranta washegari.